Filin Tambaya da Amsa: Littafin Tunani da Koyon Lissafin Yara

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun taru a kan batu guda, wato tsarin da wasu malamai suka ɗauka na sa yara su ware littafi na musamman da za su riƙa rubuta yadda suka yi tunani a darasin lissafi. Mun zaɓi shida daga cikinsu, mun taƙaita su, kuma mun sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba. Za mu riƙa kiran wannan littafi da littafin tunani, domin a bambanta shi da littafin aikin aji.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana da shekara tara, yana aji huɗu na firamare. Malaminsu na lissafi ya ce kowane yaro ya zo da sabon littafi, kuma a ƙarshen darasi sai ya sa su rubuta bayani da kalmomi a kan abin da suka yi. Ni a sanina lissafi lambobi ne da alamomi, rubutun zube kuwa darasinsa daban. Yaron nan ko ɗebewa bai gama iyawa ba. Anya wannan ba ɓata lokacin da ya kamata ya yi yana gwada lissafin ba ne? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tun da kin ambaci ɗebewa, bari mu fara daga nan, domin a nan ne amfanin littafin zai fi fito miki fili. A ce an ba yaro ya ɗebe 38 daga 52, sai ya rubuta 26, alhali amsar ita ce 14. Malami zai ja masa alamar kuskure ya wuce, ke kuma a gida ki ce bai mai da hankali ba. Gobe a ce ya ɗebe 47 daga 83, ya rubuta 44, a sake ja masa. Abin da lambobin suka nuna kawai shi ne ya faɗi, ba su faɗi dalili ba. To amma da a ce an nemi ya rubuta yadda ya yi, mai yiwuwa ga abin da za a gani: "Na fara da gidan ɗaiɗai. Ba za a iya cire takwas daga biyu ba, sai na cire biyu daga takwas, saura shida. Sannan na cire uku daga biyar, saura biyu." Da karanta wannan kin san yaron ya mai da hankali sosai, kuma yana bin wata ƙa'ida tasa ba tare da ya kauce mata ba: a kowane gida yana cire ƙarama daga babba, ko wacce ce a sama. Aro daga gidan gomomi ne bai fahimta ba. Irin wannan yaro ko tambaya ɗari aka ƙara masa, hanyarsa zai ƙara ƙwarewa a kai, domin babu wanda ya taɓa tushen matsalar.

Wannan kuskure sananne ne ga masu nazarin koyarwa. A 1978 wasu masu bincike biyu a Amurka, John Seely Brown da Richard Burton, sun nuna cewa da yawa daga kurakuran yara a ɗebewa suna bin tsari ne mai maimaita kansa, kuma cire ƙarama daga babba yana cikin waɗanda suka fi yawa. Ma'anar wannan ga uwa da malami ita ce, a bayan amsar da ba daidai ba sau da yawa akwai tunani, kuma ba a gyara tunanin da ba a gani ba. Littafin da malamin ɗanki ya nema hanya ce ta fito da wannan tunani inda ido zai gan shi.

Akwai amfani na biyu, wanda yake komawa ga yaron kansa ko da babu wanda ya karanta abin da ya rubuta. Mutum yakan ɗauka ya gane abu, sai an ce ya bayyana shi sannan ya tarar da gurbin da bai cike ba. A 1989 Michelene Chi da abokan aikinta sun lura da ɗalibai suna nazarin misalan da aka riga aka warware a darasin fiziks, suka ga cewa waɗanda suka fi yi wa kansu bayanin dalilin kowane mataki su ne suka fi iya warware sababbin tambayoyi daga baya. Rubutu yana tilasta irin wannan bayani, domin hannu ba ya gudu kamar tunani, kuma jimla ba ta yarda a tsallake mataki kamar yadda ake tsallakewa a zuci.

Game da cewa lissafi lambobi ne da alamomi, yana da kyau a tuna cewa alamomin sun zo ne daga baya. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara, wato lissafin nemo adadin da ba a sani ba, a Bagadaza wajen shekara ta 820, da jimloli ya bayyana matsalolinsa da hanyoyin warware su, ba da haruffa da alamomin da muke gani a yau ba. Alamar daidai ma, wato layuka biyun nan da suke kwance, sai a 1557 Robert Recorde ya fito da ita a Birtaniya. Alamomi taƙaitawa ce ta maganar da aka riga aka fahimta, kuma yaron da aka ba shi taƙaitawar ba tare da maganar ba, haddace zane kawai yake yi. Shawarata ita ce ki bar shi ya ci gaba, amma ki tabbatar rubutun bai wuce 'yan mintuna ba, kuma ki riƙa buɗe littafin kina karantawa tare da shi.

Tambaya: Malam, ni malamin firamare ne, kuma yaran ajina sun haura saba'in. Na gamsu da amfanin wannan littafi, amma ko aikin aji da ƙyar nake gama dubawa. Ta yaya zan fara, me zan ce su rubuta, kuma yaushe zan karanta littattafai saba'in? Daga wani malami.

Amsa: Malam, Allah ya taimaka, wannan nauyi ne na gaske, kuma duk shawarar da ba ta yi la'akari da shi ba, a takarda za ta tsaya. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka cire wa kanka tunanin cewa dole ka karanta kowane littafi kowace rana. Ka sa su rubuta sau biyu a mako, minti biyar zuwa bakwai a ƙarshen darasi. Ka raba ajin gida-gida, kowane lokaci ka karɓi littattafan rukuni ɗaya, kamar goma sha biyu ko sha biyar, ta yadda cikin mako uku za ka zagaya kowa. Sauran kuma su yi musayar littafi da na kusa da su, kowa ya karanta na ɗan'uwansa ya faɗa masa inda bai gane ba. Littattafai goma sha biyu sun isa su nuna maka inda ajin ya dosa, domin kuskuren fahimta ba ya tsayawa ga yaro ɗaya. Idan ka ga abu guda ya maimaitu a littattafai huɗu, ka sani yana nan a wasu da dama da ba ka buɗe ba, kuma da shi ya kamata ka buɗe darasin gobe a kan allo ba tare da ka ambaci sunan kowa ba.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne irin tambayar da za ka ba su, kuma a nan ne yawancin masu farawa suke yin tuntuɓe. Idan ka ce, "Ku rubuta abin da kuka koya yau," za ka samu layi saba'in iri ɗaya: "Yau mun koyi rabawa." Wannan bai nuna maka komai ba, su ma bai amfane su ba. Tambaya mai amfani ita ce wadda ba a iya amsa ta sai an yi tunani. Ka rubuta aikin wani yaro na ƙage a allo, mai kuskure a ciki, ka ce su gano inda ya kauce su rubuta masa bayani. Ko ka ce, "Ƙaninka bai zo makaranta yau ba, rubuta masa yadda ake gane wanne ya fi girma tsakanin 1/4 da 1/8." A nan za ka ga yara da yawa sun rubuta cewa 1/8 ya fi girma saboda takwas ta fi huɗu, kuma daga wannan jimla guda ka san cewa suna kallon lambar ƙasa a matsayin adadi, ba su ɗauke ta a matsayin yawan gidajen da aka raba abu ba. Wata rana ka ba su amsa ka nemi tambaya: "Amsar ita ce 24, ƙirƙiro labarin da zai kai ga wannan amsa ta hanyar ninkawa." Yaron da ya iya jadawalin sau da ka amma bai san ma'anar ninkawa ba, a nan zai tsaya cak.

Ga wata da nake so ka gwada tun a makon farko. Rubuta 8 + 4 = __ + 5, ka ce su cike gurbin kuma su rubuta dalili. Amsar ita ce 7, amma wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1999 ya nuna cewa mafi yawan yaran firamare da aka gwada 12 ko 17 suka rubuta. Dalilin da za ka gani a littattafansu shi ne suna ɗaukar alamar daidai a matsayin umarni cewa a rubuta amsa, ba su san tana nufin abin da ke hagu da abin da ke dama nauyinsu ɗaya ba. Yaron da ya tafi sakandare da wannan fahimta zai sha wuya a aljabara, alhali darasi ɗaya ko biyu a firamare sun isa su fara gyara ta, in dai an gano ta.

Sai maganar dubawa. Ka ajiye jan biro, kuma kada ka ba wannan littafi maki. A 1988 Ruth Butler ta gwada yara 'yan aji biyar da shida, inda wasu aka ba su maki kawai, wasu sharhi kawai, wasu kuma aka haɗa musu duka biyun. Waɗanda suka samu sharhi kawai su ne aikinsu ya inganta, waɗanda aka haɗa wa maki da sharhi kuwa ba su fi masu maki kawai ba, kamar dai makin ya janye idonsu daga sharhin. Da zarar yaro ya san za a auna shi da abin da ya rubuta, zai daina rubuta "ban gane ba", ya koma rubuta abin da yake zaton kana son ji, kuma daga nan littafin ya rasa amfaninsa. Layi ɗaya ya isa a ƙarƙashin rubutunsa, kuma ya fi kyau ya zama tambaya: "Me zai faru idan lambar sama ta fi ta ƙasa ƙanƙanta?" ko "Za ka iya zana mini wannan?" Kuskuren haɗa baƙi da na nahawu ka bar su ga darasinsu, sai fa idan kalmar lissafi ce aka yi amfani da ita ba a muhallinta ba.

Tambaya: Malam, 'yata shekararta shida, ba ta iya haɗa jimla a rubuce ba tukuna. Ƙari a kan haka, harshen da ake koyar da su a makaranta ba shi muke yi a gida ba. Shin sai ta girma za ta fara? Daga wani uba.

Amsa: Malam, ba sai ta jira ba. A shekarunta zane shi ne rubutu. Ka ce ta zana maka yadda bakwai za ta rabu gida biyu, ta yi ɗigo uku a nan huɗu a can, sannan ta nemo wata hanyar, biyar da biyu, shida da ɗaya. Idan ta gama ka tambaye ta abin da ta zana, ka rubuta maganarta a ƙarƙashin zanen da hannunka, yadda ta faɗa, ba tare da ka gyara mata ba, sannan ka sa kwanan wata. Bayan wata uku ku koma shafin farko tare, za ta ga da idonta cewa abin da yake ba ta wuya a da yanzu ya zama mai sauƙi. Sannu a hankali za ta fara rubuta lambobin da kanta, sai kalma ɗaya, sai gajeriyar jimla.

Game da harshe, ra'ayina a fili yake: ta yi bayani da harshen da take tunani da shi. Manufar littafin ita ce a ga abin da ke cikin kanta, kuma idan aka tilasta mata harshen da ba ta mallaka ba, za a samu shafi kusan fari, a ɗauka lissafin ne ba ta sani ba alhali kalmomi ne suka gagare ta. Abin da za ka ƙara shi ne ka rubuta kalmar da ake amfani da ita a makaranta kusa da tata, domin ta gane cewa abu ɗaya ake nufi. Idan ta gauraya harsunan biyu a jimla guda, ka ƙyale ta.

Tambaya: Malam, ni karatuna bai yi nisa ba, kuma ɗan lissafin da na koya na manta. Ƙanena da nake riƙo yana aji shida, ya kawo mini littafinsa na tunani, na duba na rasa abin cewa. Ta yaya wadda ba ta san amsa ba za ta taimaka? Daga wata yaya.

Amsa: 'Yar'uwa, kawo miki littafin da ya yi alama ce ta ya amince da ke, kada ki bari wannan ya wuce a banza. Kuma ki sani cewa wanda bai san amsa ba yakan fi zama mai sauraro na ƙwarai, domin ba ya katse yaro ya cusa masa hanyarsa. Aikinki shi ne tambaya. Wata malama a Ostareliya, Anne Newman, ta tsara a 1977 wasu tambayoyi biyar da ake yi wa yaro idan ya kasa warware lissafin da aka ba shi cikin labari, kuma babu wadda take buƙatar ki san amsar. Ki ce ya karanta miki tambayar da ƙarfi. Ki ce ya faɗa miki da bakinsa abin da ake nema. Ki tambaye shi yadda yake shirin nemo shi. Ki ce ya yi aikin a gabanki yana faɗin abin da yake yi, sannan ya rubuta amsar. Binciken da aka yi da wannan hanya ya nuna cewa kaso mai yawa na kurakuran yara yana faruwa ne tun kafin a kai ga lissafin kansa, wato a wurin fahimtar tambaya da mayar da ita lissafi. Inda ya tsaya yana inda-inda, nan ne matsalar take, sai ki ce ya rubuta a littafinsa, "Na maƙale a nan," ya kai wa malaminsa.

Ki ƙara da wata tambaya da yara ba su cika yi wa kansu ba: "Wannan amsa ta yi ma'ana?" A Faransa, wajen 1980, an ba yaran firamare wata tambaya da aka shirya da gangan: a cikin jirgin ruwa akwai tumaki 26 da awaki 10, shekarun matuƙin jirgin nawa? Mafi yawansu sun haɗa lambobin suka ce 36. Yaran nan ba wawaye ba ne, sun dai saba da cewa a darasin lissafi duk lambobin da aka gani sai an yi musu wani abu, ba a tsayawa a tambayi ma'ana. George Pólya, masanin lissafi haifaffen Hangari, ya jera matakai huɗu na warware matsala a littafinsa na 1945: a fahimci matsalar, a tsara dabara, a aiwatar, sannan a waiwaya a duba. Na huɗun shi ne wanda aka fi watsarwa, domin da yaro ya samu lamba sai ya rufe littafi. Idan kika sabar wa ƙanenki da rubuta jimla guda bayan kowace amsa, wadda take farawa da "Na san amsata ta yi daidai saboda", kin ba shi abin da zai daɗe yana cin moriyarsa.

Tambaya: Malam, 'yata tana da ƙoƙari a sauran darussa, amma da an ce jarrabawar lissafi sai jikinta ya ɗauki rawa, abin da ta sani ma ya ɓace mata. An ce mini rubutu yana rage wannan tsoro. Gaskiya ne? Daga wata uwa.

Amsa: Malama, akwai tushe ga abin da aka faɗa miki, amma ina so ki riƙe shi da awo. A 2011 Gerardo Ramirez da Sian Beilock na Jami'ar Shikago sun wallafa binciken da ya nuna cewa ɗaliban da suka yi minti goma suna rubuta fargabarsu gab da shiga jarrabawa sun samu sakamako mafi kyau, musamman waɗanda tsoron ya fi damu. Bayanin da suka bayar shi ne damuwa tana cinye wurin da ƙwaƙwalwa take riƙe lambobi na ɗan lokaci yayin da ake aiki da su, kuma sauke ta a takarda yana buɗe wurin. Sai dai ɗaliban sakandare da na jami'a aka gwada, ba ƙananan yara ba, kuma a 2018 wasu masu bincike sun maimaita ɗaya daga gwaje-gwajen ba su samu irin wannan sakamako ba. Saboda haka ki gwada, tun da babu cutarwa a ciki, amma kada ki ɗauke shi maganin da ba ya kuskure.

Abin da na fi dogara da shi shi ne amfanin littafin a tsawon zango. Yarinyar da take cewa "ba na iya lissafi" ta haɗa komai ne a dunƙule. Idan ta saba rubuta takamaiman inda ta tsaya, sai maganar ta koma "ban gane dalilin da ake daidaita lambobin ƙasa kafin a tara irin su 1/2 da 1/3 ba", wannan kuwa abu ne da ake iya zama a koya cikin mako guda. Ki ba ta tabbacin cewa abin da ta rubuta game da tsoronta ba za a karanta shi a gaban kowa ba, kuma ba za a yi mata gori da shi ba. Ki kuma kiyaye faɗa mata cewa ke ma ba ki taɓa iya lissafi ba, ko da da niyyar lallashi ne, domin yara sukan ɗauki irin wannan magana a matsayin gado. Idan tsoron ya kai ga hana ta barci ko ƙin zuwa makaranta, to a zauna da malaminta, abin ya wuce na littafi.

Tambaya: Malam, na daɗe ina koyar da lissafi a sakandare, kuma ban gamsu ba. Lissafi da yawan gwaji ake iya shi. Na gwada wannan rubutu, abin da na samu kawai shi ne, "Na tara, na raba, na samu amsa." Ina ganin yayi ne da zai wuce. Daga wani malamin lissafi.

Amsa: Malam, na yarda da rabin maganarka, kuma rabi ne mai nauyi. Babu rubutun da zai maye gurbin gwaji. Yaron da bai riƙe jadawalin sau ba, duk ƙarfin tunaninsa zai ƙare a neman bakwai sau takwas, ba abin da zai rage masa na bin matsalar da ke gabansa. Ajin da aka mayar da rabin lokacinsa rubutun zube an cuci yaransa. Haka kuma akwai ɗalibai masu kaifin basira a lissafi waɗanda rubutu yake yi wa nauyi, kuma zalunci ne a rage musu daraja saboda jimlarsu ba ta yi kyau ba. Irin waɗannan a karɓi zane, ko jadawali, ko bayanin baki daga gare su.

Inda na saɓa da kai shi ne kiran abin yayi. Majalisar malaman lissafi ta ƙasa a Amurka ta sanya iya bayyana tunani cikin ginshiƙan koyon lissafi tun a ƙa'idojinta na 1989, ta kuma sake tabbatar da shi a na 2000. Manyan masana ma sun riƙe irin wannan littafi. Carl Friedrich Gauss na Jamus ya buɗe nasa ranar 30 ga Maris, 1796, yana ɗan shekara 18, da abin da ya gano game da zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida, ya ci gaba da rubutu a ciki har 1814, inda ya tara bayanai 146. Srinivasa Ramanujan na Indiya, wanda ya rasu a 1920 yana da shekara 32, ya bar littattafai cike da dubban sakamako, amma galibinsu bai rubuta hujjarsu ba, har sai da Bruce Berndt da abokan aikinsa suka shafe shekaru masu yawa suna nemo hujjojin, aikin da ya fito cikin juzu'i biyar tsakanin 1985 da 1998. Idan rashin rubuta hanya ya jawo wa masana wannan wahala a kan amsoshin da galibinsu daidai ne, ina ga malamin da yake ƙoƙarin gane amsar ɗalibi wadda ba daidai ba?

Jimlar da ɗalibanka suka rubuta kuwa, ina ganin amsa ce daidai da tambayar da aka yi musu. Idan aka ce su faɗi abin da suka yi, matakai za su jera. Ka sauya tambayar ta koma neman dalili. Rubuta musu 1/2 + 1/3 = 2/5, ka ce wani ɗalibi ne ya yi haka, su nuna a rubuce cewa ba zai yiwu ba, ba tare da sun warware lissafin ba. Wanda ya fahimta zai ce 2/5 bai kai rabi ba, kuma ba yadda za a yi a ƙara wani abu a kan rabi a samu abin da ya gaza rabi. Wanda ya haddace ƙa'ida kawai zai yi ta juya biro. Ka kuma nuna musu samfuri, domin ba a haifi kowa da iya irin wannan bayani ba: ka rubuta naka a allo kana magana, ka kawo bayani biyu, mai ƙarfi da mai rauni, su tattauna abin da ya bambanta su. A makonnin farko ka ba su mafarin jimla kamar "Wannan hanya tana aiki ne saboda" ko "Da an canza lambar nan, da", sannan ka janye shi idan sun saba.

Ka zaɓi lokacinsa kuma. Ranar da ake gwajin sauri ba ranar rubutu ba ce. Ka ajiye shi ga ranar da aka shigo da sabon ra'ayi, da ranar da aka mayar musu da takardun gwaji, inda kowa zai ɗauki kuskure ɗaya nasa ya rubuta abin da ya zata a lokacin da abin da ya gane yanzu. Ka yi haka zango guda da aji ɗaya, sannan ka ba su tambayar da ta zo da siga dabam da wadda suka saba gani, ka kwatanta aikinsu da na ajin da ba ka yi hakan da shi ba. Za mu so ka rubuto mana abin da ka gani, ko ya goyi bayan ra'ayinmu ko bai goya ba.